Yadda ake rinin IHC da hannu a ma'amal, tun daga bokitin fomalin har zuwa maikuroskop

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan ma'amal, musamman ƙannenmu da suka gama kulliyar mukhtabarat suka ɗauki ɓangaren nama, yanzu ga su a Gadarif ko Kasala ko Bur Sudan ko Madani an ce su fara IHC, wato rinin da ke nuna furotin a cikin nama ta hanyar antibodi, kuma babu injin Ventana babu Leica, sai hannu da tukunya da agogo. Abin yana yiwuwa tamam, amma sai mutum ya san dalilin kowane mataki, dan in baka san dalili ba ranar da rini ya ƙi fitowa zaka ɗora laifi kan antibodi mai tsada alhali matsalar tun a ɗakin tiyata ta faru.

Rinin H&E da muka saba yana nuna mana siffar nama ne kawai, shuɗi da ruwan hoda. Shi kuwa IHC tambaya ɗaya yake amsawa, wane furotin ne a cikin wannan ƙwayar kuma a ina ya zauna, a cibiyarta ne ko a ruwan cikinta ko a fatar da ta kewaye ta. Ana ɗauko antibodi wanda baya kama komai sai wuri guda a jikin furotin ɗin da ake nema, in ya kama sai a bi shi da wani antibodin na biyu mai ɗauke da inzayim, inzayim ɗin kuma ya juya wani ruwa mara launi ya koma ruwan ƙasa daidai wurin. Albert Coons ne ya fara wannan dabara a Amurka a 1941, da rini mai ƙyalli. Mu da muke aiki da naman da ya sha fomalin aka binne shi a kakin farafin, abin da ya buɗe mana ƙofa sosai shine aikin wani masani mai suna Shi da abokansa a 1991, da suka nuna cewa in ka dafa silaid a ruwa mai zafi furotin ɗin da fomalin ya ɓoye yana sake bayyana.

Kuma kada a ɗauka kwalliya ce. Matar da ke da ciwon dajin mama, in ER ɗinta, wato furotin ɗin da ke karɓar sinadarin istirojin, ya fito yana nan, tamoksifen zai mata aiki, ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi da take sha a gida shekara biyar ko fi. In muka ce babu alhali akwai, mun hana ta maganin. In kuma muka ce furotin ɗinta na HER2 3+ ne, wato maki mafi ƙarfi, alhali ba haka ba, danginta zasu sayar da gona da awaki su nemo tarastuzumab da ba zai amfane ta ba. Haka furotin CD20 a dajin limfoma, haka CD117 a ƙarin nan na ciki da ake ba imatinib.

Toh mu fara daga inda aikin yake farawa da gaske, wato fomalin. Da zarar daktor ya cire nama daga jiki, jini ya daina zuwa masa, furotin ya fara lalacewa, kuma a zafinmu na Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40 lalacewar bata jira. Ƙa'idar ASCO da CAP, ƙungiyoyin likitocin daji da na binciken nama na Amurka, ta naman mama ta ce kada ya wuce awa 1 kafin ya shiga fomalin, kuma ya zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa awa 72. Fomalin ɗin ma ba kowanne ba, 10% mai bafa ake so, wato mai gishirin da ke hana shi tsami. Haɗinsa: mil 100 na fomaldihaid mai ƙarfin 37 zuwa 40%, mil 900 na tataccen ruwa, giram 4 na sodiyom fosfet mai haidurojin biyu, giram 6.5 na daisodiyom fosfet, pH ya tsaya wajen 7. Wanda ake sirkawa da ruwan famfo kawai yana yin tsami da daɗewa, sai kaga wani baƙin gari gari a silaid, ga shi yana cinye rinin cibiyar ƙwaya. Yawan ruwan ya ninka naman sau 10 aƙalla, sau 20 ya fi.

Babbar musibar da nake gani ita ce mama guda cur a jefa a bokiti a rufe a ba ɗan uwan mara lafiya ya hau bas da shi. Fomalin yana ratsa nama a hankali ne, kusan milimita 1 a awa, yana shiga ciki yana ƙara yin sanyin tafiya, dan haka kafin ya kai tsakiyar ƙarin tsakiyar ta riga ta ruɓe, kamar agashen da aka ɗora a wuta mai ƙarfi baya ya gasu ciki ɗanye. Sai kaga ER ya fito a gefe gefe tsakiya fari fat. Maganin abin a hannun mai tiyata yake, ya tsaga naman yanka yanka kamar kaurin santimita 1 ba tare da ya raba shi ba, ya sa gauz a tsakani, sannan fomalin. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ayyina, wato naman gwaji, tana yin doguwar tafiya fiye da da, wata sai ta kwana biyar ko mako a hanya, wannan kuma ɗaya gefen matsalar ne, fomalin ya yi yawa ya ƙulle furotin tam. Shi yasa nake cewa ku roƙi 'yan ɗakin tiyata, cikin ladabi da malish da komai, su rubuta lokaci biyu a takarda, lokacin da aka cire da lokacin da aka sa a fomalin. In zaka iya kai musu fomalin ɗin da ka haɗa da kanka a jarka, ka kai, ya fi maka arha akan maimaita rini.

A wajen yankan gwaji, guntun da zai shiga kaset kada ya wuce kaurin milimita 3 zuwa 4, kuma ka zaɓi wurin da ƙari ya haɗu da lafiyayyen nama, zaka ga amfanin wannan can gaba. Kakin farafin kada zafinsa ya wuce digiri 60. Ƙashi kuma daban ne, in an narkar da shi da asid mai ƙarfi kamar naitirik yawancin antijin, wato furotin ɗin da antibodi ke kamawa, sun tafi, EDTA ya fi duk da yana cin kwanaki, kuma a rubuta a takarda cewa an narkar da ƙashi dan daktor ya sani.

Yanka a maikurotom, maikuron 3 zuwa 4. Silaid ɗin dole mai caji ne, ko wanda aka shafa wa silen ko foli-el-laisin, in ka yi amfani da na yau da kullum to a tukunya zaka tarar da namanka yana yawo. Kada a zuba jelatin ko ruwan ƙwai a bahon ruwan ɗumi. Ka tsayar da silaid ya tsane sosai, dan ruwan da ya maƙale a ƙarƙashi shi ke ɗaga nama daga baya, sannan tanda digiri 60 na minti 30 zuwa awa 1. Wani abu da ba'a cika faɗa ba, yankakken silaid in ya zauna a zafi da iska antijin ɗinsa yana raguwa, a bulon kaki kuwa yana daɗewa shekaru, dan haka kada ka yanka tari ka ajiye a durowa wata da watanni, yanka na satin nan kawai.

Cire kaki ba wuya, zailin sau biyu ko uku minti 5 kowanne, alkohol 100% sau biyu, 95%, 70%, sai ruwa. Sai dai zailin ya zama mai tsabta, tsohon da ya ƙoshi da kaki yana barin tabo tabo inda rini bai shiga ba. Daga wannan minti har ka rufe silaid da gilashi, nama kada ya bushe ko sau ɗaya. A fankar ma'amal ɗinmu da busasshiyar iskar nan, minti biyu sun isa.

Yanzu dahuwa, wato buɗe antijin. Fomalin yana ɗaure furotin da furotin, zafi da bafa ke kwance ɗaurin. Bafa biyu ake yawan amfani dasu. Sitret mai pH 6, giram 2.94 na tiraisodiyom sitret a lita 1 na tataccen ruwa, ka sauko da pH da ɗigon HCl. Sai Tris-EDTA mai pH 9, giram 1.21 na Tris da giram 0.37 na EDTA a lita 1. Na pH 9 ya fi ƙarfi, antibodi da yawa sun fi fitowa da shi musamman na cibiyar ƙwaya irin ER da PR da Ki-67, amma kuma ya fi ɗaye nama daga silaid, ballantana naman mama mai kitse. Takardar da ta zo da antibodi ita zata gaya maka wanne, ka karanta ta kafin ka jefar da kwalin. Ruwan famfo kada ya shiga haɗin bafa, bare da damina da ruwan kogi ke zuwa ja.

Hanyar dafawa uku ce. Bahon ruwan zafi digiri 95 zuwa 99 na minti 20 zuwa 40, shine mai lallashi, nama baya wahala. Maikurowef yana da sauri amma zafinsa baya daidaita, wani gefe na tafasa wani bai yi ba, ga bafa na ƙafewa silaid na sama ya bushe, ni bana sonsa. Sai tukunyar firesto irin ta dafa nama a gida, wadda ni ita nafi yarda da ita a halin da muke ciki dan ko kahraba ta ɗauke kana iya ɗora ta a gas. Ka tafasa bafa a ciki tukun, ka sa silaid a maratayin ƙarfe bafa ya rufe su ruf, ka kulle murfi, in ta kai cikakken matsi ta fara huci sai ka fara ƙirga minti 2 zuwa 3, zafin ciki yana kaiwa wajen digiri 120. Ka sauke, matsi ya sauka, ka buɗe, sannan ka bar silaid a cikin bafan su huce minti 20. Kada ka cire su da zafi, suna fitowa iska zasu bushe nan take. Kuma tukunyar ta zama ta ƙarfen da baya tsatsa ba ta alminiyom ba, ta zama ta ma'amal kawai, kada wani ya are ta ranar fatur. Ƴan antibodi kaɗan basa son dahuwa sai inzayim irin furotinas K ko tirifsin a digiri 37 na ƴan mintuna, nan ma takarda ce alƙali.

Wanki tsakanin kowane mataki da bafan PBS ko TBS mai pH 7.4 zuwa 7.6, da ɗan Tween 20 kamar 0.05%, sau uku minti 3 zuwa 5. Ka zagaye naman da alƙalamin nan mai hana ruwa gudu, yana rage maka asarar antibodi sosai.

Sai toshewa, kashi biyu. Na farko, jikin mutum yana da nasa feroksidas, wato irin inzayim ɗin da muke amfani da shi, a jajayen ƙwayoyin jini da wasu fararen, in baka kashe shi ba zai juya DAB, wato ruwan nan mara launi da ke komawa ruwan ƙasa, da kansa kaga saifa da ɓargo da duk wurin da jini ya kwanta sun yi ruwan ƙasa. Haidurojin feroksaid 3% minti 5 zuwa 10 ya isa, in 30% gareka kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, kuma a haɗa sabo. Na biyu toshe furotin, ruwan jinin dabbar da aka yi antibodi na biyu a jikinta, galibi akuya, 5 zuwa 10%, ko BSA ko kasin, minti 10 zuwa 20. Wannan ba'a wanke shi, karkatar da silaid kawai zaka yi ya zube.

Antibodi na farko shine kuɗin. Akwai wanda ya zo a sirke sai ɗigawa, akwai mai kauri da kai zaka sirka, mai kaurin ya fi arha idan kana da aiki da yawa. Lissafin: silaid 10, kowanne maikurolita 200, jimla 2000. In sirki 1:100 ne, maikurolita 20 na antibodi cikin 1980 na ruwan sirki. Amma lambar da kamfani ya rubuta mafari ce kawai, sabuwar kwalba in ta zo ka gwada 1:50 da 1:100 da 1:200 a naman da ka san yana da furotin ɗin, ka ɗauki wanda ya fito sarai bango kuma fes, ka rubuta a littafi da lambar kwalbar. Jiƙo minti 30 zuwa 60 a akwati mai danshi, ko roba mai murfi da jiƙaƙƙen tishu a ƙasa ta wadatar, silaid su kwanta daidai kada su karkace. Inda takarda ta ce zafin ɗaki tana nufin digiri 20 zuwa 25 ne, ba ɗakin Gadarif da azahar ba, dan haka ko ka yi aikin da sassafe ko a ɗaki mai sanyi, in ba haka ba rinin Janairu da na Mayu ba zasu zama ɗaya ba. Wasu suna barinsa ya kwana a tallaja digiri 4, yana fitowa da kyau, in ka tabbata wuta ba zata tafi ba.

Maganar tallaja, antibodi yana zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ka sa ma'aunin zafi a ciki ka riƙa dubawa safe da yamma, ka jera robobin ruwa a ciki su riƙe sanyi in kahraba ta yanke, kada a ajiye a jikin ƙofa, kada kuma a daskarar a narkar a sake daskararwa. Wanda ya taho daga Alƙahira ko Jidda a jakar matafiyi ba ƙanƙara, gwada shi kafin ya taɓa naman mara lafiya.

Bayan wanki sai na biyu. Yanzu kusan kowa folima yake amfani da shi, wato doguwar sarƙa mai ɗauke da antibodi na biyu da inzayim ɗin feroksidas da ake kira HRP da yawa, irin EnVision na Dako, minti 30 shikenan. Tsohuwar hanyar ABC ta abidin da bayotin da ta fito a 1981 har yanzu tana aiki kuma tana da arha, sai dai hanta da ƙoda suna da nasu bayotin, bayan dahuwa kuma yana ƙara fitowa, sai ya baka amsar ƙarya in baka toshe shi ba. Ka duba wace dabba aka yi antibodin farko da ita, ɓera ko zomo, na biyun ya zama mai kama wannan. Sodiyom azaid kuma yana kashe HRP, kada ya kasance a ruwan wanki ko kusa da folima.

DAB a haɗa shi lokacin da za'a zuba, minti 5 zuwa 10, kana leƙa silaid ɗin shaida, wato na naman da ka san yana da furotin ɗin, a maikuroskop, da ya yi ruwan ƙasa sosai bango bai fara dauɗa ba sai ka tsayar da ruwa. Ka ajiye lokaci guda ka riƙa binsa kullum, musamman HER2 da ƙarfin launi shine amsar. Safar hannu dole, ana zargin DAB da jawo ciwon daji, ragowarsa a tara a kwalba daban kada a zuba a kwata. Wani abu da ya shafe mu baƙaƙen fata, melanin ma ruwan ƙasa ne, in ana neman melanoma irin wadda ke fitowa a tafin ƙafa zaka kasa bambance DAB da launin naman, nan jan rini ake so, AEC ko kuma alkalin fosfatas da Fast Red. AEC yana narkewa a alkohol dan haka da abin rufi na ruwa ake rufe shi, alkalin fosfatas kuma TBS yake so ba PBS ba.

Himatoksilin na Mayer sama sama, daƙiƙa 30 zuwa minti 1, in ya yi duhu zai rufe raunin ER. Ruwa ya shuɗanta shi, alkohol, zailin, gam ɗin DPX, gilashi.

Saura shaida, kuma wallahi nan ne ake gane ma'amal na gaske. Kowane zagaye yana buƙatar naman da ka san yana da furotin, in da hali a kan silaid ɗaya da na mara lafiya dan su sha wahala iri ɗaya. Tonsil ɗin da ake cirewa yara ya isheka CD20 da CD3 da Ki-67 da saitokeratin, afendis ma yana da amfani sosai, duka biyun ana samunsu kyauta daga tiyata, ka tabbata dai sun sha fomalin irin na ayyinarka. Sai silaid ɗin da baka sa wa antibodin farko ba, ruwan sirki kawai, wannan dole ya fito fari. Sai shaidar cikin gida, dalilin da yasa nace ka yanko da lafiyayyen nama, a mama bututun nono masu lafiya wasu ƙwayoyinsu suna ɗaukar ER, in ƙari fari ne su kuma sun yi ruwan ƙasa to babu ɗin gaskiya ce, in duka fari ne baka da amsa, sai a sake ko a ɗauki wani bulo.

Wajen dubawa ka fara da shaida kafin na mara lafiya, sannan ka tambayi kanka launin a mazauninsa yake? ER, PR, Ki-67, TTF-1 a cibiyar ƙwaya. HER2, CD20, CD3 a fatar ƙwaya. Saitokeratin da bimentin a ruwan ciki. ER a ruwan ciki ba komai bane. Gefen nama da wurin da ya murƙushe da wurin da ya mutu suna shan rini na banza, ba'a ƙirga su. ER yana zama akwai daga 1% na ƙwayoyin ƙari zuwa sama, tsakanin 1 zuwa 10% kuma tun 2020 ana rubuta shi mai rauni. HER2 3+ shine zobe cikakke mai duhu a fiye da 10% na ƙwayoyin, 2+ baya yanke hukunci sai an tura gwajin ISH mai ƙirga ƙwayar gadon HER2, 0 da 1+ kuma a bambanta su a rubuce dan yanzu akwai maganin da ke duba wannan. Hukunci na daktor ne, amma kai ne zaka ce masa ustaz wannan zagayen shaida bata fito ba kada a sa hannu.

In komai fari ne har shaida, galibi an tsallake mataki ne, ko DAB ya mutu, ko tukunya bata kai zafi ba. In shaida ta fito na mara lafiya bai fito ba har da na cikin gida, koma kan takardar tiyata ka duba lokutan fomalin. In ko'ina dauɗa ne, ko nama ya bushe a hanya, ko antibodi ya yi kauri, ko wanki bai isa ba. In nama na faɗuwa, silaid ne ko tanda ko bafan pH 9, gwada bahon ruwa maimakon tukunya. Kuma in zaka gyara, abu ɗaya zaka canza a zagaye guda ka rubuta a littafin ma'amal da kwanan wata, in ka canza uku lokaci ɗaya ya yi kyau ba zaka san wanne ya gyara ba, wata mai zuwa ka sake faɗawa ciki.